Zazzaɓi Ya Tafi, Gajiya Ta Ƙi Tafiya

Yau za mu tattauna ne a kan macen da ta tashi daga ciwo, kowa ya yi mata barka, amma wata uku, wata huɗu, jikinta ya ƙi komawa daidai. Shara kaɗan sai haki, ga mantuwa, ga ciwon gaɓoɓi, barci kuma ba ya wartsakar da ita.

Wannan yakan biyo bayan cututtukan da ƙwayar bairos ke kawowa. Waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lassa, wasunsu kan rasa ji. Amma an fi lura da abin bayan cutar korona, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da cewa alamomi ne da ake gani wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, ba tare da an gano wani dalili ba. Bincike kuma ya nuna ya fi kama mata a kan maza.

To 'yar uwa, abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, wannan ciwo ne na gaske. Ba son jiki ba ne, ba kuma ragwanci ba. Kada ki zargi abokiyar zamanki da sammu, ke ma abokiyar zama kada ki ce gudun girki take yi.

Abu na biyu, wannan gajiya tana da wani hali. Ranar da kika ji dama-dama, sai ki ce bari in rama, ki yi wanki, ki ja ruwa a rijiya, ki tuƙa tuwon gida duka. A lokacin ba za ki ji komai ba, sai washegari ko jibi jikin ya rushe, ki kwanta kwana biyu ko uku. Saboda haka ki riƙa auna ƙarfinki kamar yadda kike auna hatsi don ya kai ƙarshen wata. Ki raba wankin gida uku. Ki zauna a kujera 'yar tsugunno ki yi yanke-yanke. Ki kai hatsi inji maimakon daka. Ki huta tun kafin ki gaji, ba sai jiri ya ɗebe ki ba. Ranar da tsayuwa ta gagara, addini ya sauƙaƙa miki yin salla a zaune. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na uku, ki yi wa maigida bayani ya kai ki asibiti. Ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, har da sabon ciki, duk suna kawo kasala irin wannan, gwaji ne kawai zai bambance su. Kada a yi ta aiken yara kemis sayen kafso, domin irin waɗannan magunguna ba sa kashe bairos, sai dai asarar kuɗi. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko suma, ko tarin da ya wuce mako 2, to ba a jira, a tafi a ranar.

Ku kuma iyayenmu surukai da mazajenmu da ke saurare, a taimaka. A rage mata aiki, a daina gori. Kalma mai daɗi ma magani ce.

Mafi yawan masu wannan larura suna samun sauƙi a hankali, wasu cikin watanni, wasu ya fi haka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.