Me ya sa ba a sayen ɗan wasa a NBA?

Mai kallon ƙwallon ƙafa a gidan kallo na Ƙauran Namoda ya saba jin an sayi ɗan wasa da miliyoyi, kamar yadda ake cinikin sa a Kasuwar Daji. A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, abin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa.

Shi ya sa muhawarar magoya baya take zafi da an gama gasa a watan Yuni. Akwai iyakar albashin da aka gindaya wa kowace ƙungiya, kuma wadda ta haura iyakar sai albashin wanda za ta karɓa ya yi kusa da na wanda za ta saki. Ana kuma haɗawa da damar zaɓen matasan 'yan wasa na shekaru masu zuwa, wato cinikin ɗan maraƙi tun yana ciki.

A Satumban 2023, ƙungiyar Milwaukee Bucks ta saki Jrue Holiday da zaɓenta na 2029 don ta karɓi Damian Lillard ta haɗa shi da ɗan wasanta Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A ganina ta yi gaggawa: Holiday ya ƙare a Boston, ya ci kofin 2024.