Farfesa Ishaya Audu, Ibadan da Sha'anin Renon Likitoci

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Ibadan a shekarar 1916, ta yi suna ne a kan fataucin goro da shanu, kuma har yau ba kasafai ake ambatonta ba idan ana zancen ilimin likitanci, alhali tazarar da ke tsakaninta da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ba ta wuce a taka da ƙafa ta wajen Mokola ba. Asibitin koyarwa shi ne wanda ake jinyar marasa lafiya a cikinsa, a kuma horar da ɗaliban likitanci a gefen gadonsu. Na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, shi ne na farko a Nijeriya, kuma shi da jami'arsa sun reni da yawa daga cikin likitocin farko na Arewa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau ta ƙasar Zazzau a 1927. Ya yi karatun farko a Wusasa, ƙauyen 'yan mishan da ke bayan ganuwar Zariya, wanda shi ne kuma ya fitar da Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Daga nan ya wuce Yaba ta Legas, sannan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, shekarar da aka kafa ta. A wancan zamani ɗalibi kan yi sashen farko na karatun a Ibadan, wato sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, sannan a tura shi Ingila domin sashen da ake yi a gaban majinyaci, saboda babu asibitin da ya cika sharuɗɗan koyarwa a gida. Ta wannan hanya Audu ya kammala a Landan, ya ƙware a fannin cututtukan yara, ya koyar a Jami'ar Legas, ya kuma zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello.

A 1966, yana da shekara 39, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, kuma ya zauna a kai har 1975. A ƙarƙashinsa aka buɗe tsangayar likitanci a 1967, abin da ya sa yaron Katsina ko na Sakkwato ya daina dogaro da gurbin Ibadan ko na Legas kafin ya zama likita. Daga baya ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Nnamdi Azikiwe a 1979, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje har 1983, ya koma Samaru ya buɗe asibitinsa, ya rasu a 2005. Masu tarihin siyasa sun fi tuna shi da minista, amma idan aka auna da abin da ya wanzu, tsangayar ta fi kujerar nauyi nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa shi ne likitanci sana'a ce da ba a gama koyonta a littafi. Bayan shekara 6 na jami'a, sabon likita yakan yi shekara guda ta horo a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakken lasisi, kuma mai neman ƙwarewa yakan ƙara wasu shekaru. Zuciyar wannan horo ita ce zagayen safe, inda babban likita ke bin gadaje ɗaya bayan ɗaya, ƙanana na biye da shi da takardun majinyata. A ɗakin yara, inda mara lafiya ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, malamin kan ja fatar idon jariri ƙasa ya nuna wa ɗalibi farin da ke nuna ƙarancin jini, ya ɗan tsunkuli fatar ciki a ga ko za ta koma da sauri ko gudawa ta ƙarar da ruwan jiki, sannan ya juya ga uwa ya tambayi yaushe yaron ya daina kama nono. Wanda bai tsaya kusa da gwani ya ga wannan sau da yawa ba, ba zai iya ba, komai yawan makinsa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen Sabo. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda kasuwancinta ya ginu a kan maigida da yaransa: maigida ya saukar da fatake, ya tsaya musu a kan bashi, yaro kuma ya girma a hannunsa yana koyon dillanci har ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a juya wannan reno zuwa ga karatu. Yaro mai sha'awar likitanci yana bukatar wanda zai gaya masa tun yana ajin farko na babbar sakandare cewa sai ya ci Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma makin jarrabawar JAMB da ake nema a wannan fanni yana cikin mafi tsauri, domin da yawa ba sa jin wannan bayani sai bakin alƙalami ya bushe. 'Ya mace ta fi bukatar mai tsaya mata, ganin yadda mata da yawa ke jinkirta zuwa asibiti don rashin likita mace mai jin harshensu.

Attajiran Sabo da malamanta da likitocin Arewa da ke aiki a Ibadan suna da halin ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu kowannensu, daga kuɗin jarrabawa har zuwa rantsuwar kama aiki, kuma ya kamata su fara da yaran da ke sakandare a yanzu.