YADDA WAYARKA TA KE SANIN KA BAR SHAFI

Jama'a, tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, ta zama abokiyar hulɗar manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi. Mai sayar da busasshen kifi a Gashuwa yana karɓar kuɗinsa daga Kano ta waya, haka ma dillalin shanu a kasuwar Nguru. Amma akwai wani aiki da waya ta ke yi a ɓoye wanda ya kamata kowa ya sani, domin ya shafi kuɗinsa da batirinsa da sirrinsa. Aikin kuwa shi ne: duk sa'ad da ka bar wani shafi ka koma wani, ana sanar da manhajar da ka bari.

Yaya Abin Ya Ke?

Mu ɗauki manhaja kamar gida ne mai zaure da ɗakuna. Tsarin da ke tafiyar da wayar, watau Android ko na iPhone, shi ne maigadin ƙofa. Idan ka buɗe manhajar banki, maigadi zai ce mata, "Ga shi ya shigo." Idan ka fita zuwa WhatsApp, ko aka kira ka, ko ka kashe fuskar wayar, zai ce mata, "Ya fita." In ka dawo ya sake gaya mata.

Shafukan intanet ma suna da irin wannan sanarwa. A shekarar 2013 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta tabbatar da ƙa'idar da ke ba shafi damar sanin ko yana bayyane ko yana ɓoye.

Sai dai akwai wuri guda da maigadi ba ya shiga. Yawancin manhajoji suna da maɓallai jere a ƙasa ko a sama, kowanne yana buɗe ɗakinsa. Idan ka tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan, ba ka fita gidan ba, saboda haka a wurin maigadi kana nan ciki. Wanda ya gina manhajar shi ne zai shirya yadda kowane ɗaki zai gane an bar shi. In ya yi sakaci, sai ka ga bidiyo yana ta tafiya a ɗakin da ka bari, ko ka dawo ka tarar da tsohon lissafi wanda ba a sabunta ba.

Amfaninsa Ga Batiri Da Data

A Nguru da Gashuwa, kamar sauran garuruwanmu, mutane da yawa biya su ke yi a caja musu waya a shago. Manhajar kirki, da zarar ta ji ka bar shafi, takan tsai da bidiyo, ta daina janyo hotuna, ta rage aiki. Da haka caji ya ke daɗewa, data ta yi auki, wayar kuma ba ta ɗaukar zafi a banza lokacin bazara. Wasu ayyuka kuwa da gangan a ke barinsu su ci gaba, kamar sauraron karatu ko rediyo, da kiran waya.

Amfaninsa Ga Kuɗinka

Mutane da yawa sun fara aika kuɗi ta waya ne a farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Manhajojin banki da dama sukan kulle kansu in ka bar su na ɗan lokaci, su nemi lambar sirri in ka dawo. Kada ka ɗauki wannan a matsayin lalacewa. Tsaro ne, don kada wanda ya ari wayarka ko ya tsince ta ya tarar da asusunka a buɗe.

Hatsarin yana wajen dawowa. Mutum yana cikin aika kuɗi, ya fita duba lambar asusu, ya dawo ya ga shafin ya koma farko, sai ya zaci kuɗin bai tafi ba, ya sake aikawa. Ta haka a ke biya sau biyu.

Ga Ɗalibai

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, Gashuwa kuma tana da Jami'ar Tarayya tun 2013, saboda haka jarrabawa a kan allo ta zama ruwan dare ga matasanmu. Wasu gwaje-gwajen neman aiki ko na makaranta da a ke yi ta intanet suna ƙidaya sau nawa mutum ya bar shafin, suna iya ɗaukar hakan a matsayin satar amsa. Shafin ba ya bambance wanda ya je neman amsa da wanda ya amsa kiran mahaifiyarsa.

Abin Da Sanarwar Ba Ta Faɗa

Wannan sanarwa ba ta gaya wa manhaja inda ka tafi, ko abin da ka karanta a can. Ba ta kuma san ko idonka yana kan wayar ba. Idan WhatsApp ya nuna mutum yana kan layi, ma'anarsa manhajar tana buɗe kuma da intanet, ko da wayar tana hannun yaro ne. Saboda haka kada wannan ya zama sanadin zargi tsakanin miji da mata ko abokan ciniki.

Sanin inda ka ke, da amfani da kyamara, izini ne dabam wanda kai ka ke bayarwa. Tun daga Android 10 na shekarar 2019 kana iya cewa manhaja ta san wurinka sa'ad da ka ke amfani da ita kaɗai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ba ka ikon tambayar kamfani bayanan da ya tara a kanka.

Abubuwan Kiyayewa

1. Rubuta lambar asusu a takarda kafin ka buɗe manhajar banki.
2. In shafi ya koma farko kana cikin biya, duba ragowar kuɗinka kafin ka sake aikawa.
3. Kafin jarrabawa ta intanet, cika batiri, ka kashe sanarwar saƙonni, ka shaida wa mutanen gida.
4. Duba saitin wayarka ka ga manhajar da ke cin batiri da data a bayan fage, ka taƙaita ta.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda, ya daure ya bayyana wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.