Ɗan'uwa Mai Fansa: Daga Ƙofar Baitalami Zuwa Tauhidin Kirista

A shari'ar Isra'ila ta dā, talauci ba ya raba iyali da gonar gado har abada. Sura ta 25 ta Littafin Firistoci ta tanadi cewa idan mutum ya tsiyace har ya sayar da gonarsa, ko ya sayar da kansa ga baƙo, danginsa na kusa ne zai biya ya fanso. In babu mai hali, sai a jira shekara ta 50, wadda kowa ke komawa kan gadonsa. Annabi Irmiya ya bi wannan doka, ya sayi gonar ɗan baffansa Hanamel a Anatot kan shekel 17, alhali sojojin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya.

Littafin Rut ne ya fi nuna yadda abin yake a aikace. Na'omi ta dawo daga Mowab ba miji ba 'ya'ya, sai surukarta Rut. Bo'aza, ɗan'uwan marigayi mijin Na'omi, ya tara dattawa 10 a ƙofar garin Baitalami, ya miƙa maganar fansar gonar iyalin ga wani da ya fi shi kusanci da mamacin. Mutumin ya amsa zai sayi gonar. Da ya ji har da auren Rut, kuma ɗan da za a haifa shi zai gaji gonar da sunan mamacin, sai ya ja da baya don gudun taɓa nasa gadon, ya cire takalminsa shaida. Bo'aza ya ɗauki nauyin. Ɗansu Obida shi ne kakan Sarki Dawuda, kuma Matiyu ya ambaci Rut a salsalar Yesu.

Sabon Alkawari bai fito fili ya kira Bo'aza misalin Almasihu ba, masu fassara na baya ne suka yi haka. Hujjarsu ita ce sharuɗɗan: mai fansa sai ya zama ɗan'uwa na jini, mai halin biya, wanda kuma ya yarda. Da wannan Kiristoci ke bayyana imaninsu cewa Almasihu ya zama mutum, kamar yadda sura ta 2 ta Ibraniyawa ta nanata cewa ya yi tarayya da mutane cikin nama da jini. Wajen 1098, Ansalam na Kantabari ya tsara hujjar da ta yi kama da haka: bashin zunubi na ɗan Adam ne, amma ya fi ƙarfinsa, don haka mai biya dole ya haɗa dangantaka da iko.