Abin da ke hana rubutu fitowa a shafin intanet

A shekarar 2023 ne gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin koya wa mutane miliyan uku fasahar zamani, ciki har da ƙirƙirar manhaja da shafukan intanet.

Matashi a Ƙaraye ko Rogo, a yammacin jihar Kano, na iya fara wannan karatu daga ɗakinsa. Sai dai ba lalle ne ya samu malami a kusa ba idan aiki ya cije, kuma a nan ne wasu ke karaya.

A ce ya tsara shafin da zai nuna farashin masara a kasuwar Rogo, ya yi wa gurbin rubutun laƙabi da "farashi", sannan ya umarci JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, da ya nemo gurbin ya zuba adadin. Ya buɗe shafin, ya tarar da shi wayam.

Galibi laifin na jeri ne. Manhajar buɗe shafi tana karantawa ne daga sama zuwa ƙasa. Idan umarnin ya riga gurbin zuwa, to ana neman abin da ba a kai ga ginawa ba, amsar da ke dawowa kuwa ita ce null, wato babu. Maganin shi ne a mayar da umarnin ƙarshen shafi, ko a ƙara masa kalmar defer idan a fayil na daban yake.

Harshen kuma ba ya yafe kuskuren harafi. A wurinsa "Farashi" daban, "farashi" daban, kuma getElementById ba ya aiki idan aka rubuta D babba a ƙarshe. Mai amfani da querySelector kuwa tilas ya sa alamar # gaban laƙabin.

A kwamfuta, danna F12 kan buɗe wurin da kuskuren ke bayyana da jan rubutu, har da lambar layi.

Akwai kuma matsalar da darussan Turanci ba su cika tabowa ba: haruffa masu lanƙwasa. Idan ba a ayyana tsarin UTF-8 a saman shafi ba, ɓ da ɗ da ƙ na iya rikiɗewa, har sunan Ƙaraye ya fito a matsayin Æ˜araye. Layi ɗaya ke gyara wannan, muddin da tsarin aka adana fayil ɗin tun farko.