Jinyar tsofaffi a Adar: tausayi kaɗai bai isa ba, sai da horo

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san yadda abin yake. Za ka iske rumfa a rufe mako biyu, mako uku, ka tambayi maƙwabciya ina mai ita, a ce maka tana gida, tsohuwarta ce ta faɗi. Daga nan sai jari ya kama narkewa, ga kuɗin magani, ga kuɗin mota, ga ciniki ya tsaya. In kuwa ta daure ta koma kasuwa, to sai ta bar mara lafiya a hannun ƙaramar yarinya, ko wata da aka ɗauko daga ƙauye ana biyanta a wata. Tambayar da ba mu cika yi ba, jama'a masu karatu, ita ce: wa ya koya wa wannan mai jinya aikin da aka damƙa mata?

Abin da ya faru a gidanmu

Shekarar da gwaggona ta samu shanyewar ɓarin jiki a ƙauyenmu da ke arewacin Tawa, ƴaƴanta maza duk suna wurin bida, ɗaya Abijan, ɗaya Libiya. Aka kai ta gidan likita, ta yi kwanakinta, aka sallame ta da takardar magani. Jinya ta faɗo kan matar ɗanta, mace mai haƙuri wadda ke saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ajiye sana'a, ta yi wanka da wanki, ta dama fura, ta kwana a bakin ƙofar ɗaki. Da yake tsohuwa na nishi in an taɓa ta, sai ta ƙyale ta kwance gefe guda a kan tabarma don kada ta wahalar da ita. Fura ma a kwance take ɗura mata.

Kafin wata ya cika, gyambo ya fito a ƙugu, kuma kullum aka ba ta abin sha sai ta sarƙe ta yi ta tari. Allah ya kawo wani dattijo, tsohon ma'aikacin likita mai ritaya, ya zo gaisuwa. Da ya gani sai ya ce: "Ɗiyata, ba laifinki ba ne, ba a gwada miki ba ne." Tsakanin la'asar da magariba ya nuna mata yadda ake juya mara lafiya, da yadda ake zaunar da shi kafin ba shi abinci. Ta ce: "Baba, da na san haka tun farko, da Inna ba ta sha wannan wahala ba." Gyambon da darasin yamma ɗaya zai iya hanawa, sai da ya ci watanni da kuɗi masu yawa kafin ya warke.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Adar?

Ƙasar Adar ƙasar bida ce tun kaka da kakanni. Da an gama girbi, samari da magidanta daga Kalfu, Barmu, Bambay, Afala, Takanamat, Keita da Tamaske sai su kama hanyar Kodibuwa, Najeriya, Libiya ko Aljeriya, wasu su dawo da damina, wasu su share shekaru. Wanda ya rage gida su ne mata, yara da tsofaffi. Saboda haka in tsoho ya kwanta, suruka ce ko ɗiya ko jika ke ɗaukar nauyin, kuma ita ce dai mai zuwa rijiya, mai daka, mai ƴar sana'ar da ake cefane da ita.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jahar Tawa na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 300. Waɗanda suka kai shekara 60 a Nijar ba su cika kashi 5 cikin 100 ba, amma ko da 4 cikin 100 aka ɗauka, lissafi zai ba da tsofaffi fiye da dubu 130 a jahar tun wancan lokaci. A ƙara da makafi, guragu, masu taɓin hankali da waɗanda hatsarin mota ko babur ya kwantar. A wajenmu kai tsoho gidan ajiye tsofaffi abin kunya ne, don haka ɗakin gida shi ne asibitinsu. Wannan kuwa ba mu kaɗai ba ne: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da mutane da ba a biya, mata ne ke yin sa.

Su wa hukuma ta horar?

Akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda aka fi sani da asistan sosiyal, da ake yayewa a makarantar horar da ma'aikatan kiwon lafiya ta ƙasa, wato ENSP. Su ne ake iskewa a ofishin taimakon marasa galihu na manyan gidajen likita, suna binciken halin wanda ba shi da ƙarfin biya, suna haɗa shi da inda zai samu agaji. Akwai kuma majo da ma'aikatansa a kowace cibiyar lafiya ta CSI. To amma aikin waɗannan galibi a bakin ƙofar likita yake tsayawa. Tsakanin ranar sallama da ranar warkewa ko rasuwa, akwai watanni, wani lokaci shekaru, kuma mai riƙe da mara lafiya a wannan tsawon lokaci sau da yawa ba ta taɓa zama aji ko na yini guda a kan jinya ba.

Ta fannin dokoki ba a bar mu baya ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda ya yi aiki har zuwa watan Yuli na 2023, ya ɗora wa hukuma kula da tsofaffi a aya ta 25, da naƙasassu a aya ta 26. A 2011 aka amince da manufar ƙasa ta kare marasa ƙarfi, a 2019 kuma aka yi doka kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. Sai dai takarda ba ta juya mara lafiya da tsakar dare. Hannu ne ke yi, kuma hannun sai an koya masa.

Me ya kamata mai jinya ta sani?

Na farko shi ne juyi. Wanda ba ya iya motsi da kansa a riƙa sauya masa gefen kwanciya kamar kowane awa biyu, a sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu, kafaɗa, dunduniya da ƙashin baya kullum. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin kan yi duhu ne, ya yi zafi ko tauri. Wannan shi ne farkon gyambo. Shimfiɗa ta zama busasshiya, babu tsakuwa ko ɓurɓushin abinci.

Na biyu ciyarwa. Kada a ɗura wa mutum abu yana kwance, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu ya jawo ciwo mai kisa. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Mai sarƙewa da ruwa kan fi jin daɗin kunu mai ɗan kauri, amma a sanar da likita. Da bazara, watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, saboda haka kada a jira sai ya roƙa.

Na uku gane alamun hatsari. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta harɗe: wannan ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne, a garzaya likita nan take. Maganin hawan jini ba a barin sa don an ji sauƙi. Mai ciwon suga a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, domin ƙaya kan soke shi bai ji ba.

Na huɗu mai jinya ta kare kanta: ta wanke hannu da sabulu, ta lanƙwasa gwiwa in za ta ɗaga mutum maimakon ta sunkuya da baya, ta nemi mataimaki in nauyi ya fi ƙarfinta.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne mutunci. A rufe ƙofa lokacin wanka, a gaya wa tsoho abin da za a yi masa kafin a taɓa shi, a riƙe sirrinsa. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana kiran matattu ko tana fita da dare, ciwon ƙwaƙwalwa ne ke damunta. Ba maita ba ce, ba kuma iskanci ba. Wadda aka fahimtar da wannan ba za ta yi tsawa ko ta ɗaure ta ba.

Mun taɓa yin irinsa

Tun shekarun 1960 Nijar ta fara zaɓen mutane daga ƙauyuka, ungozomomi da masu agajin farko, ana ba su horo na ƴan kwanaki da akwatin magani. Daga 2001, zamanin shugaba Tandja Mamadu, aka gina ɗakunan shan magani na karkara, aka horar da ƴaƴan gari su riƙe su. A nan Adar kuma, aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO ya nuna abin da matanmu ke iyawa: da yake maza suna bida, mata ne suka fi yawa wajen jera duwatsu da dasa itatuwa har fako ya farfaɗo.

Darasin da aka koya daga ungozomomi shi ne, inda ma'aikacin likita ya ci gaba da zagayawa yana duba su yana cika akwati, aiki ya ɗore. Inda aka horar aka juya baya, sai ya mutu a hankali. Horo na kwana uku a ɗakin taro, a karɓi kuɗin zama a watse, bai taɓa sauya ɗakin mara lafiya ba.

Ƙasashen da suka riga mu ma sai da suka yi tuntuɓe. A Ingila, bayan abin kunyar wulaƙanta marasa lafiya a asibitin garin Stafford, binciken da aka yi a 2013 ya gano babu wani mafi ƙarancin horo da aka wajabta wa mataimakan jinya. Shi ya sa a 2015 aka fito da takardar shaidar jinya mai darussa 15, wadda sabon ma'aikaci ke koyo yana kan aiki, babba na kallon hannunsa. Japan kuwa tun 1987 ta mayar da kula da tsofaffi sana'a mai jarrabawar ƙasa. Ba kuɗinsu muke da shi ba, amma dabarar ba ta da tsada: a koyar, a duba, a ba da shaida.

Bayan horo, sai me?

Abu uku ke riƙe mai jinya a kan aiki. Na ɗaya bibiya: ma'aikacin CSI ko asistan sosiyal ya riƙa leƙa gida lokaci-lokaci yana gyara kuskure ba tare da kunyatarwa ba. Su kansu ma'aikatan na buƙatar sabunta ilimi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kula da masu taɓin hankali a ƙananan cibiyoyi tun 2008, da jagorar kula da tsofaffi a 2017. Na biyu tsani: wadda ta ƙware ta samu takarda, ta koyar da wasu, in tana da karatun lakwal ta samu hanyar shiga makarantar lafiya. Na uku lada da hutu: a yanka albashi tun farko, a biya kan lokaci, a ba ta ranar da za ta huta. Gajiya ce ke haifar da tsawa.

Kada a manta da maza. Dattijo da yawa sun gwammace su zauna da ƙazanta da a ce suruka ta ga tsiraicinsu. Samarin da suka dawo daga bida hannu wofi za su iya samun abin yi a nan.

Abin da ƴan kasuwa za su iya farawa

Ba sai an jira furoje ba. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991, ya nuna mata na iya tsara kansu da kuɗinsu. Kowace ƙungiyar asusu ta zaɓi mace biyu masu haƙuri da riƙon amana, shugabanni su je wurin majon unguwarsu, ko Garkawa ko Wadata ko ƙauye, su nemi a ware musu yammaci ana koya musu. A ware ɗan kaso daga zubi don sabulu, safar hannu da ladan mai koyarwa. Ƴan bida masu aiko da kuɗin magani su riƙa sa ladan mai jinya cikin lissafi. Ranar sallama daga likita kuma, kada a fita sai an ce: a gwada mana yadda za mu juya shi, yadda za mu ciyar da shi, da alamar da za mu gani mu dawo da shi.

Gwaggona ta ƙara shekara biyu a duniya, ta cika a ɗakinta jikinta ba ko ƙwarzane. Yau in wani ya faɗi a ƙauyenmu, matar ɗanta ake aikawa a kira. Ba ta da takarda, ba ta da albashi, sai godiya da ɗan goro. Irinta suna nan a kowane gari na Adar, kuma su ne za su riƙe mu gobe, tunda abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.