Gurnanin Boris: Yadda Kwalliya da Lodi Ke Cinye Ƙafar Tsohuwar Mota

Da yawa daga cikinmu mun taɓa shiga tsohuwar Golf ranar komawa makaranta, akwatuna cike da but, buhun gari a kan cinya. Ana hawa babban titi sai a ji wani gurnani yana tasowa daga ƙarƙashin kujera, kamar jirgi na shirin tashi. Direba na ƙara wuta, gurnanin na ƙaruwa. Mu fasinjoji mukan ɗauka kukan taya ne a kan kwalta, alhali sau da yawa boris ne ke neman agaji.

Boris dai kun san shi tun muna yara, lokacin da muke ƙera keken katako da shi. Zobba ne biyu na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, da 'yan ƙwallaye a tsakaninsu suna iyo cikin giris. A ƙafar mota shi ne ke barin taya ta juya ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba, kuma nauyin motar duka a kansa yake sauka. Idan an bar mota yadda kamfani ya ƙera ta, yakan yi shekaru bai ce uffan ba. To me ya sa a wasu motocin ake sauya shi yau, bayan 'yan watanni ya sake kuka?

Motocin sun tsufa, wannan gaskiya ne. Golf 3 ta fito a 1991, Peugeot 504 kuwa tun 1968, kuma a da an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna kafin a daina. Amma babban laifin yana ga abin da muke yi musu. Matashi ya samu mota, sai ya cire rim ɗinta ya sa mai faɗi, wani har da faifan ƙarfe a bayan rim don taya ta leƙo waje. Direban haya kuma ya ƙara sifirin a baya, motar ta ɗaga, ya lafta mata lodin da ya fi ƙarfinta. Sifirin ya hana ta durƙushewa, amma ko kilo ɗaya bai rage wa boris ba.

A nan darasin fiziks ke shigowa. Ku ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinku, sannan ku miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta san an yi canji. Injiniyoyi sun tsara ƙafar mota ne yadda nauyi zai sauka kusan a tsakiyar boris. Da zarar an turo taya waje, ta zama miƙaƙƙen hannu mai murɗa shi gefe guda. Mu ƙaddara ƙafa ɗaya na ɗauke da kilo 300, wato kimanin Newton 3,000. Faifai mai kaurin milimita 25 zai ƙara murɗa ta Newton-mita 75, kuma a duk juyin taya tana nan.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Palmgren, wanda ya yi aiki a kamfanin SKF, yana cikin waɗanda suka gano lissafin tsawon ran boris. Lissafin ba shi da tausayi. Idan aka ninka nauyi sau biyu a kan boris mai ƙwallaye, ransa ba rabi yake komawa ba, ɗaya bisa takwas yake komawa, domin 2 sau 2 sau 2 ake bugawa. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari kacal ya isa ya raba ran biyu. Ku gwada a kalkuleta: 1.25 sau 1.25 sau 1.25, za ku ga ya kusa 2.

Sai kuma ramukan titi da ruwan damina da ke kutsawa ya lalata giris. Akwai ma boris da ke mutuwa tun ranar da aka sa shi, idan bakanike ya shigar da shi da guduma maimakon injin matsewa, ko ya ɗaure noti fiye da kima. Masu zuwa gareji koyon aiki ranar Asabar, wannan naku ne. A ganinmu yaron da ya ajiye guduma ya nemi injin matsewa ya fi wanda ya gama aiki da wuri.

Gane shi ba wuya. Gurnaninsa na bin gudun mota, ba ya bin ƙarar inji, kuma yakan sauya idan an karya kwana. A gareji a ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana rawa, akwai magana. Wanda aka ƙyale yakan yi zafi har ya cije, ko ƙafar ta fice mota na tafe.

Ba mu ce ɗalibi ya koya wa direba aikinsa ba. Amma in kun ji gurnanin nan, babu laifi ku ce, "Malam direba, ƙafar bayan nan ta dama tana kuka, ko za a duba?" Mai yiwuwa shi da ke gaba, rediyo na tashi, bai ji abin da kuke ji a kujerar baya ba.